Kin Hura Wuta?

Takardu biyu Manaja ya shimfiɗa a kan teburin falo, ya danne ɗaya da kofin shayi, ɗayar kuma da makullin mota. Ta hagu zanen gida ce a sabuwar unguwar bayan gari, ɗaki huɗu da falo, ga famfo, ga makaranta a bakin layi, ga asibitin da matarsa take aiki ko mota ba sai an hau ba. Ta dama kuwa taswirar fili ce, eka bakwai, can inda kwalta take ƙarewa burji ya karɓa, shi ma burjin ya gaji ya bar mutum da turbar shanu.

Mako uku ke nan shi da matarsa Nas suna ja-in-ja a kan takardun nan.

"Gidan gona nake so," in ji Manaja. "Yara su tashi su san ƙasa, su sha iska. Fili ba ya tsufa."

"Iskar za su rubuta a jarrabawa?" Nas ta ce. "Wa zai kai su makaranta? In aka kira ni aiki da sassafe, a kan jaki zan tafi? Ni dai ba zan je daji in reni 'ya'ya tare da macizai ba."

Inna, mahaifiyar Manaja, tana kan tabarmarta a bakin ƙofa tana jin su. Ba ta iya karatu ba, amma ta san gurbi ɗaya a takardar hagu, wani ɗan ɗaki kusa da kicin inda ɗanta ya taɓa ɗora yatsa ya ce, "Nan ne naki, Inna." Tagarsa tana kallon tsakar gida, inda jikoki za su riƙa wasa. Iyakar burinta ke nan, ta ƙarasa kwanakinta cikin hayaniyar jikokinta kuma kusa da asibiti, don fuka ta daɗe tana shaƙe ta, kwalbar maganin shaƙa ba ta rabuwa da bakin zanenta.

Rana ɗaya rigimar ta mutu murus. Miji da mata suka shigo ɗakinta tare suna murmushi, Nas har da durƙusawa. Ruwa ba ya tsami banza, amma uwa ba ta cika bincikar murmushin ɗanta ba.

"Inna, mun daidaita," Manaja ya ce. "Duka biyun za mu ɗauka. Gidan mu zauna, filin kuma mu ajiye wa yara."

"Taura biyu ba ta taunuwa, Auta," ta ce. Duniya tana ce masa Manaja, ita dai har gobe Auta ne a bakinta.

"Za ta taunu. Sai dai akwai 'yar matsala. Ɗakinki ne ba a gama ba, yanzu ake shafe, sannan a yi fenti. Ke kuma kin san ƙirjinki."

Nas ta karɓe da muryar nan da take lallashin marasa lafiya da ita. "Ƙurar siminti da warin fenti guba ne ga mai fuka, Inna. A can gona kuwa iska ce tsabtatacciya, ba hayaƙin mota, ba na janareta. Da ni ce likita, ita zan rubuta muku a madadin magani. Wata biyu kawai, mu zo mu ɗauko ku."

Ranar Asabar aka kai ta. Ɗaki ne ƙwaya ɗaya na bulo, ba shafe, da rufin kwano, a tsakiyar filin kamar an jefo shi daga sama. Katifa, buta, jarka biyu, buhun abinci, fitila da ƙaramin farantin hasken rana na cajin waya. Rijiya tana can nesa kaɗan. A 'yar rumfar da ke jikin ɗakin an kafa murhu na duwatsu uku, a gefensa an jibge itacen da ya fi ta tsayi.

"Auta, ina rishona?"

"Risho fashewa yake yi, Inna. In ya kama miki zane, wa zai cece ki a nan? Itace ya fi aminci."

Ta so ta tambaye shi wanda zai cece ta in fuka ta tashi, sai ta haɗiye. Ya kama hannunta ya zagaya da ita, yana nuna mata duwatsun iyaka, na siminti, kowanne an shafa masa jan fenti a ka. Ya daɗe a kan kowane dutse yana shafa shi. A na ƙarshe ya tsaya ya nuna wani gida can ƙetaren iyaka, inda wani dattijo yake ɗaure shanu biyu a turke.

"Kin ga wancan Mai Shanun? Kada ki ba shi fuska. Irinsu yau su ci taku ɗaya, gobe su ci goma, jibi su ce kakansu ne ya sare dajin."

Washegari ƙarfe bakwai daidai waya ta yi ƙara.

"Inna, kin hura wuta?"

Sai da ƙwalla ta cika mata ido. Shekaru nawa suna gida ɗaya, yana fita aiki yana gyara wuyan riga, bai taɓa tsayawa ya tambaye ta ko ta sa wani abu a bakinta ba. Yau ga shi tun bai karya ba yana tunanin cikinta. Ta ce ta hura, har ruwa ya tafasa. Ya ce madalla, ya kashe. Ta daɗe riƙe da wayar tana sa masa albarka.

Haka ya zama kullum. Ƙarfe bakwai, tambaya ɗaya, ba ƙari ba ragi. Inna ta riƙa tashi tun kafin lokacin don kada ya kira ta ce masa a'a ransa ya ɓaci. Takan durƙusa a gaban murhu, ta jera itace, ta sunkuyar da fuska ta busa, hayaƙi ya turnuƙe rumfar ya fita ta saman kwano. Sai ta koma gefe ta yi tari har ta ga taurari, ta kwance bakin zane ta shaƙi magani.

Wata biyu suka cika, damina ta sauka. Itace ya jiƙe, jiƙaƙƙen itace kuwa ba ya ba da wuta sai ya fara ba da azaba. Abin da take hurawa a busa biyar ya koma sai ta yi ashirin. Tafiyar rijiya ta koma zango biyu, sai ta ajiye jarka a tsakiya ta dafa gwiwa ta nemi numfashi. Ƙirjinta ya fara wani kuka siriri wanda ita kanta takan ji shi kamar daga wani wuri yake fitowa.

Wata Asabar suka zo gaba ɗayansu, da tabarmi da kuloli. Jikoki suka yi tsalle suka rungume ta, suka ruga cikin ciyawa. Manaja ya buɗe bayan mota, sai ga itace fal. Ya yi ta ɗaukar hoto, na fili, na yara, na sararin sama, yana aika wa abokansa.

"Auta, maganin fa? Kwalbar ta yi sauƙi, in na girgiza ba na jin komai."

Ya dafe kai. "Kash, na bar shi a kan firji. Kin ga hankalina ya tafi wajen itacen."

Nas ta ɗora kunne a bayanta ta ce ta ja numfashi. Ta ja, ƙirjin ya yi kukansa. Nas ta miƙe tana kakkaɓe zane.

"Sauyin yanayi ne, Inna. Jiki yana sabawa da sabuwar iska, dole sai ya ɗan yi gardama. Ku riƙa shan ruwan ɗumi."

"Ɗakin nawa fa?"

"Mai tayil ne ya yaudare mu," Manaja ya ce da sauri. "Ya fara ya gudu. Ƙarshen wata, in Allah ya so."

Da la'asar suka tattara. Ƙaramar jikar ta riƙe zanen Inna tana cewa sai dai a tafi da kaka, aka ɓanɓare hannunta aka sa ta a mota. Inna ta tsaya har ƙarar motar ta ɓace, sannan ta tsince ledojin da suka bari.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, wani ma ya zo. Bayan mai tayil sai mai wayarin lantarki, bayan mai wayarin sai rufi ya fara yoyo. Mutum ya rasa wane irin ɗaki ne wannan, da aka gina gida sukutum a wata huɗu shi kuwa ya gagari magina. Magani ya zo sau ɗaya, ya manta sau biyu. Itace kuwa bai taɓa makara ba, ko shi bai zo ba sai ya aiko mota ta sauke.

Ta kira babbar 'yarta, Yaya, wadda take aure a wani gari mai nisa, ta gaya mata halin da take ciki. Yaya ta saurara tana yi tana tsawata wa 'ya'yanta.

"Inna, ki yi haƙuri. Masu hali fa neman irin wurin nan suke yi su je su huta. Kuma kin san halin Auta, in na yi magana ya ce ina shiga gidansa. Ni da ina da wuri da na ɗauko ki, to kin san gidan mutane nake. Ba yana kiran ki kullum ba? 'Ya'ya nawa ne suke yin haka?"

"Yana kira," Inna ta ce. Ta ji kunyar ƙorafinta, ta sauya magana.

Wata safiya ta kasa. Ta kwana a zaune, ƙirji ya ƙi buɗewa, ta sha ruwan sanyi ta jingina da bango. Da ya kira ta gaya masa gaskiya, yau ba ta hura ba.

"Haba Inna." Muryarsa ta yi kauri. "Abu ɗaya tak na roƙe ki. Abu ɗaya. Ko ba za ki dafa komai ba, ki ɗora ruwa mana. Kuma ki riƙa zuba ɗanyen ganye a kai, yana korar sauro."

Ta ce to. Ta ja jiki ta fita ta hura, ta zuba ganyen, hayaƙi ya tashi fari mai kauri ya miƙe sama. Tana tari tana cewa a ranta, yaron nan ba ya son ta zauna da yunwa, shi ya sa ya yi fushi.

A ranar ne Mai Shanu ya tsaya a bakin iyaka, bai tsallako ba, ya yi sallama. Dattijo ne baƙi dogo, da sanda a kafaɗa.

"Iya, yau kin makara. Kullum in na fito nakan dubi hayaƙinki. In na gan shi, na san kin tashi lafiya."

Ashe gaskiyar Auta ce, mutumin nan ido ya sa wa filin. Ta ɗaure fuska ta ce lafiya ƙalau take, ta juya masa baya. Ya ajiye wata 'yar ƙwarya ta madara a kan dutsen iyaka, ya tafi. Ta bar ta a nan har ƙudaje suka gama da ita.

A wata na bakwai wata farar mota ta tsaya a turba. Wani mutum mai tumbi da babbar waya a hannu ya fito da baƙi biyu, yana nuna musu filin da ke gaba da na Manaja. Dillalin filaye ne, bakinsa ba ya rufuwa. Ya jawo su har gaban rumfar Inna, ya gaishe ta sama-sama, ya nuna hayaƙin da ke fita ta saman kwano.

"Kun ga wannan? Dabarata ce. Mai filin nan wani manaja ne, ya so ya saya amma matarsa ta ce ba ta zaman daji. Na ce masa, ranka ya daɗe, fili a nan ba ya son shiru. Takarda ba ta hana maƙwabci cin iyaka, hayaƙi ne yake hanawa. Muddin ana ganin hayaƙi yana tashi kullum, an san da mutum a ciki, ba mai matsar da dutse. Ya ce mai gadi ba amana, sai ya sayar maka da itatuwa ya gudu. Na ce to ka samo tsohuwa, su ba sa zuwa ko'ina." Ya yi dariya, baƙin suka taya shi. Ya juyo wajenta. "Iya, aikinki yana kyau. A ina ya samo ki? Ko kina da wata 'yar'uwa mai neman irin aikin nan? Waɗannan ma za su buƙata."

Inna tana riƙe da mafici. Ta dubi mutumin, ta dubi murhu, ta dubi tulin itacen da bai taɓa makara ba.

"Ni na haife shi," ta ce.

Dariyar ta tsaya. Dillali ya duba wayarsa kamar an kira shi, ya ce rana tana yi, ya kwashi baƙinsa. Ita kuwa ta zauna a kan dutse har wutar ta cinye kanta. Baƙin ciki bai zo mata da kuka ba. Kirga safiyoyin ta riƙa yi, kowace da albarkar da ta sa masa a kan tambayar da ba tata ba ce.

Washegari ƙarfe bakwai waya ta yi ƙara.

"Inna, kin hura wuta?"

"Auta, ni kake tambaya ko filin?"

Ta gaya masa abin da dillali ya ce, kalma bayan kalma, tana tsayawa tana neman numfashi. Ta yi zaton zai musa. Da ya musa ma da ta yarda, don tana son ta yarda.

"Wannan mutumin bakinsa ya yi yawa," ya ce. "Amma Inna, ki duba mana. Filin nan na wa ne? Na jikokinki ne. In aka cinye shi, wa aka cuta? A gari me kike yi in ban da zama? Nan kuwa ga iska, ga shi kina taimakon zuri'arki. Kowa a gidan nan yana ba da gudummawarsa. Ni ina fita tun safe, Nas tana tsaye a kan ƙafarta wuni guda. Ke wuta kawai aka ce ki hura."

"Ɗakin nawa fa?"

Ta ji Nas daga nesa tana cewa, "Gaya mata gaskiya mana, ka huta." Ya rufe bakin wayar da hannu, suka yi 'yan maganganu, sannan ya dawo.

"Yara suna karatu a ciki, na ɗan lokaci ne. Jarrabawa ta matso, ba su da wurin da za su natsu. Da sun gama za a fitar da teburan. Ƙarshen wata."

"An gama shi ke nan."

"Inna, ina da taro. Ki dai hura, don Allah. Mutumin can yana kallo."

Da wata uwar ce, da ta watsa wa murhun ruwa ta kama hanya. To, ina za ta? Kwalta tafiyar awa biyu ce ga mai lafiya, ita kuwa rijiya ma zango biyu take yi mata. Kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce a ranta filin jikokinta ne, wannan dai bai yi ƙarya ba. Ta durƙusa ta hura. Bambancin kawai, daga ranar in ya kira takan ce "na hura" ta kashe, ba ta ƙara sa albarka a kai ba, shi kuma bai lura an daina ba.

Kwana tara bayan haka aka wayi gari da ruwa, itace ya jiƙe sharkaf. Kwalbar magani ta ƙare tun shekaranjiya, ta gaya masa, ya ce ranar Asabar. Ta jera itacen, ta kyasta ashana, ta sunkuya ta busa. Hayaƙi ya daki fuskarta. Ta ja numfashi don ta sake busawa, numfashin ya ƙi shiga. Ta sake ja, ƙirjin ya rufe kamar an ɗaure bakin buhu. Ta kife a gefen murhu, kuncinta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, 'yar wutar ta yi ɗis ta mutu. A cikin ɗaki waya ta yi ta ƙara, ta gaji ta yi shiru, ta sake farawa.

Mai Shanu ya fito ya dubi sama wajen rufin kwanon, bai ga komai ba. Ya ba shanu ruwa, ya sake dubawa. Bai tsaya sallama a bakin iyaka ba wannan karon. Da ya gan ta a ƙasa ya koma a guje, gudun da rabonsa da shi an daɗe, ya ɗaura wa shanu amalanke, ya koro su kai tsaye ta cikin filin. Ƙafar amalanken ta daki dutsen iyaka ta tumɓuke shi, bai ko waiwaya ba. Shi da matarsa suka ɗora ta, matar ta rungume kanta a cinya, suka nufi ƙaramin asibitin da ke bakin kwalta. A hanya ya danna lambar da ta yi ta kira a wayarta, ya ce, "Mahaifiyarka tana hannun Allah, ka same mu a asibitin bakin titi." Lokacin ƙarfe takwas da 'yan mintuna.

Daga gidan Manaja zuwa asibitin nan tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Har aka yi azahar bai iso ba.

Inna ta farfaɗo da robar iska a hanci da baki. Mai Shanu yana zaune a benci a bakin ƙofa, sandarsa tsakanin gwiwoyi, matarsa tana yi mata fifita. Ma'aikaciyar asibitin ta ce da an ƙara rabin awa da sai dai wani labarin. Inna ta dubi dattijon nan da ta juya wa baya, ta tuna ƙwaryar madarar da ta bar wa ƙudaje, kunya ta kama ta har ta rufe ido.

Can sai ga ƙarar mota. Muryar Manaja ta riga shi shigowa, a bakin ƙofa ya tsaya a kan Mai Shanu.

"Kai ne ka bi ta cikin filina da amalanke? Ka san ka tumɓuke dutse? Ba hanya ne, da sai ka bi ta kan iyaka? Na ɗauki hoto, kada gobe a ce ba a san inda yake ba."

Mai Shanu ya ɗaga kai ya dube shi tun daga takalmi har hula. "Tana ciki," ya ce. "Tana da rai."

Manaja ya shigo. Takalmansa sun yi dumu-dumu da laka, gwiwoyin wandonsa ma haka, akwai jan fenti a tafin hannunsa. Ya durƙusa a bakin gado ya ce sannu Inna, ya jiki, hanya ce ta lalace, ruwan nan ya ɓata ko'ina. Yana matsowa warin ya riga shi. Ko ta cikin robar iska ta ji shi, don wata bakwai tana kwana da shi tana tashi da shi. Warin jiƙaƙƙen itace ne da ɗanyen ganye. Idanunsa sun yi ja suna ruwa, irin jan da busa murhu yake sawa.

Ashe ya wuce ta ƙofar asibitin nan, inda aka ce masa uwarsa tana tsakanin rai da mutuwa, ya ci gaba har gona. Ya tayar da dutse, ya haƙa, ya kafa, ya danna ƙasa. Sannan ya durƙusa da wandon ofis ya yi ta fama da jiƙaƙƙen itace har hayaƙi ya tashi, don kada filin ya wuni shiru.

Inna ta sa hannu ta janye robar daga bakinta. Matar Mai Shanu ta ce ta bari, ta girgiza kai.

"Auta," ta ce, muryar da ƙyar take fita. "Ka hura wuta?"

Ya ɓoye hannunsa mai fenti a bayan gwiwa.

"Da wuya, ko? Jiƙaƙƙe ne. Sai ka sunkuya sosai." Ta ja numfashi, ƙirjin ya yi kukansa. "Yau ɗaya ka yi, dubi idonka."

"Inna, ba haka ba ne. Na ga dai tunda kina hannun likita, kuma wurin ba kowa..."

Ma'aikaciyar ta shigo da takarda da biro. Ta ce za a mayar da tsohuwa babban asibiti, kuma ko an sallame ta ba ita ba hayaƙi har abada, ko na turare. Ta dubi mazan biyu, ɗaya a durƙushe ɗaya a bakin ƙofa.

"Iya, wane ne naki a cikinsu? Ina son wanda zai sa hannu."

Manaja ya miƙa hannu zai karɓi biron. Inna ba ta dube shi ba. Ta ɗaga yatsa a hankali ta nuna bakin ƙofa.

"Su biyun duka hayaƙina suke dubawa kullum," ta ce. "Wancan, da bai gani ba, ni ya zo nema. Ba shi biron."

Mai Shanu ya ce shi bai iya rubutu ba. Aka kawo tawada ya dangwala yatsa, a gurbin da aka rubuta ɗan'uwan mara lafiya. Inna ta mayar da robar bakinta, ta juya fuska wajen bango.

Manaja ya daɗe a durƙushe ba wanda ya ce masa ya tashi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya fita waje ya amsa, Nas ce. Tagar ɗakin a buɗe take, har gadon Inna ana jin sa.

"Da sauƙi, ta farfaɗo," ya ce. Ya saurara, sannan ya rage murya. "Sun ce ba za ta koma ba. To ni ma abin da nake tunani ke nan. Gwaggonki ɗin nan da mijinta ya rasu, har yanzu tana nan ba ta da wurin zama?"